Na Bar Wankan Gawa Na Kama Ƙuli-ƙuli

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka a yi haƙuri da yadda maganar ta zo. A wani ƙauye nake tsakanin Bici da Bagwai, inda gona ke manne da gona. A garin nan, tun ina da ƙarfina, ni ce mai wanke mata idan sun cika. Wajen uwar mijina na koya, ita ma wajen tata surukar ta gada. Mace ta rasu, kafin a sanar da liman an sanar da ni. In ɗauki ganyen magarya da ƙwaryata in tafi, in gama, a ba ni ɗan hatsi ko tsohon zanen mamaciya, in dawo. Ban taɓa ƙorafi ba sai da mijina ya rasu, 'yan'uwansa suka raba gandu, ɗana ya tafi ci-rani ya yi shiru. Na duba na ga na haura hamsin, kuma tuwona yana jiran mutuwar wata. Abin ya tsaya mini a rai.

Lokacin kuwa gyaɗa ce ke tashe. Nasara na saye, kowa ya cika gonarsa da ita, jakuna na ta jigila zuwa Kano. Na sayar da awakina, na je wajen ƙanwata a Bagwai ta nuna mini suya da daka da matsar tunkuza. Na sayo babban kasko, na dawo na kama mai da ƙuli-ƙuli. Da farko Allah ya sa albarka. Ba ni da yarinya a gida, sai maƙwabta suka riƙa ba ni 'ya'yansu mata suna yi mini talla, kafin la'asar faranti ya dawo wayam. Ana nan, ana nan, wata rana ɗaya daga cikinsu ta dawo tana dariya, ta ce wani a dandali ya tambaye ta wai yau wanne Inna ta fara yi, wankan ko suyar. Wasa ya yi, har ya sayi ƙulin. Amma ni maganar ta zauna mini. Na ce a raina muddin hannun nan na taɓa gawa, wata rana za a ƙi abincinsa. Na yanke na daina wankan. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma koya wa kowa ba.

Sai mahaifiyar mai unguwa ta rasu da hantsi, mai yana kan wuta. Matarsa ce ta zo da kanta, ta durƙusa, ta ce Inna a taimaka, maza sun tafi haƙa kabari. Na ce mata ai na bari. Ta zaci ba ta ji daidai ba, ta sake faɗa. Na ce tunkuza ba ta jira, su nemi wata. Ta ce wacce, duk garin nan wacce. Na ci gaba da juya ƙulina, ta miƙe ta fita ba sallama. Daga baya na ji yadda aka yi. Matan da ba su taɓa yi ba ne suka shiga suna kuka, ba su san inda ake farawa ba, suka ɗaure likkafani ba daidai ba, liman ya sa aka mayar aka gyara, baƙi daga garuruwa suna tsaye cikin rana har bayan azahar.

Babu wanda ya zo ya yi mini faɗa. Da an yi, da ya fi mini sauƙi. Washegari dai yarinya ko ɗaya ba ta zo ɗaukar talla ba. Na bi gida gida, wannan ta ce tata ba ta da lafiya, waccan ta ce uban ya hana. Na ɗauki kayana da kaina na tafi kasuwar Bici, inda ba a san ni ba. Matan garinmu suka zo suka tsaya kusa da ni kamar masu hira. Duk wanda ya miƙo hannu, sai ɗaya ta ce wa 'yar'uwarta da ƙarfi wai ko man Inna da magarya ake haɗa shi, ɗayar ta ce a'a, ƙwaryar ce dai ɗaya. Sai mutum ya janye hannunsa ya wuce yana tofar da yawu. Wata da ni na wanke uwarta, na rufe mata ido, ta sayi ƙulina ta jefa wa kare a gabana, ta ce bari a gani ko zai kwana.

A gida kuma, in na je ɗibar wuta sai a ce ta mutu, ga hayaƙi ina gani. A rijiya in na ajiye guga sai an ɗauraye shi kafin wata ta taɓa. Gidan suna a zuba mini tuwo a sakaina. Yara suka sa mini waƙa, iyayensu na ji. Mai ya yi ta zama a tulu har ya canza wari, ƙwari suka cinye sauran gyaɗar. Damina ta faɗi ba ni da akuya, ba ni da hatsi, sai tafasa da rama nake dafawa.

A cikin wannan hali wata yarinya ta rasu wajen haihuwa. Ba a aiko mini ba. Ni na ɗauki ƙwaryata na tafi, kuma ba zan yi ƙarya ba, yunwa ce ta kai ni. Matar mai unguwa ta tare ƙofar ɗakin, ta ce a'a, Inna mai ƙuli, yau ba a ɗora mai ba ne. Ta ce in faɗi abin da ya kawo ni kowa ya ji. Na faɗa. Ta ce na nesa ba su ji ba. Na sake faɗa, sannan ta kauce. Da na gama wankan, mai unguwa ya aiko cewa gari ya yafe, amma in kawo kaskona gidansa don a tabbata na tuba. Na ɗora shi a kai na ratsa gari na kai. Ƙanwar matarsa ce ke suya da shi yanzu, kuma 'yan tallar da suka yi mini su ke yi mata.

Na yi kuskure, na sani, ba a barin gawa a kwance, ina kuma roƙon Allah gafara. Amma ina gaya wa duk mai son sauya sana'a da girma, musamman mai riƙe da aikin da kowa ke gudu, kada ya ajiye sai ya sa wani a gurbinsa. Mutane ba sa son hannunka a abincinsu, kuma ba za su sake shi daga aikin ba. Ku kuma masu gari ku ji tsoron Allah. Na roƙi mata da yawa su zo in koya musu, kowacce ta ce Allah ya kiyaye. Yanzu idona ya yi rauni, hannuna na rawa, ƙwaryar ma da ƙyar nake ɗagawa. Jiya ma an aiko, na tafi.