Ganyen Ɗorawa da Na Ƙona

Jiya a kasuwar Farin Gada ina zaɓen dankali, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar jikinsa ya tuna mini da marigayi Baba, yayan mahaifina. Yana da 'yar gonar kofi a ƙarƙashin wata ɗorawa bayan gidansa. Wata Asabar na share busasshen ganyen da ya zuba tas, na cinna wuta, ina jiran yabo. Ya durƙusa, ya damƙo baƙar ƙasa ya sansana, ya ce, "'Yata, abincinta kika ƙona. Ɗorawar nan ke ciyar da kofin, ba ni ba."

Bara magada suka sare ta, kofin ya bushe. Yanzu in na je, ba wurin zama, ba mai yi mini faɗa. Ubangiji ya ba ka inuwa inda kake, Baba.