Ragon Baba da Wuƙar Umdurman

Ni tela ne. Na daɗe ina ɗinki a wata rumfa a kasuwar Suk al-Arabi, kuma aikina bi da bi yake: a gwada, a zana da alli, a yanka, sannan a ɗinka. Ban yarda a tsallake ko ɗaya ba. Shi ya sa har yau nake jin nauyin abin da na yi a shekarar da Baba ya ba ni yankan layya.

Mahaifinmu jikan alhazai ne da suka taso daga ƙasar Hausa a kan hanyar hajji suka zauna a nan ƙasar Larabawa. Shi yake yanka a gidanmu na unguwar Kalakla tun kafin a haife ni. A wannan shekara hannunsa ya soma rawa, har shayi yakan zube masa a jallabiya. Saura kwana uku Sallah ya kira ni.

"Bana kai za ka yanka."

"To, Baba."

"Ba 'to' nake nema ba. Faɗa mini yadda ake yi."

Na faɗa masa kamar yadda ya koya mana. A ba rago ruwa. A kwantar da shi a gefensa na hagu, yana fuskantar alƙibla. Kada ya ga wuƙa sai ta taɓa shi. A laluba zakaran wuya, a yanka ƙasa da shi don ya tafi tare da kai. A yi bisimilla da kabbara. A yanke maƙogwaro da jijiyoyin jini biyu, kuma kada a ɗaga hannu sai an gama. Na ji malamai suna da bayani a kan wanda ya ɗaga ya mayar nan take, amma Baba bai taɓa karɓar wannan sauƙin ba. A gidansa wanda ya ɗaga ya ɓata, dabba ta zama mushe, a ja ta a kai bayan gari.

Ragon kuwa ɗaya ne. Baba ne ya yi kiwonsa tun yana ƙarami, shi yake jiƙa masa dusa da hannunsa, kuma ba mu da na biyu.

Ya sa aka ɗauko masa wuƙarsa. Daga sifirin mota aka ƙera ta, baƙa ce wuluk, doguwa, mai faɗi, kanta a dakushe kamar an gutsure shi. Ƙotarta ta tsage tun ina yaro, aka naɗe ta da robar taya. Ƙanena, wanda direban raksha ne, wato babur mai ƙafa uku, kuma bakinsa ba ya hutawa, ya bari sai da muka fito waje.

"Yaya, da wannan fartanyar za ka fito gaban surukinka? Tela guda, mai gugar wando har gida?"

Na ce ya rufe mini baki. Amma mahaifin matata katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma kowace Sallah shi yake riƙe kan rago. Maganar ta zauna mini a rai.

Washegari na bar rumfa da wuri, na hau mota na haye gada zuwa Umdurman, na shiga layin maƙera. Wani tsoho yana zaune bayan buhun da ya baza wuƙaƙe a kai. Da Larabci ya fara, da ya ji yadda na gaishe shi sai ya juya zuwa Hausa.

"Ashe ɗan gida ne. Me za ka yanka?"

"Rago."

Ya turo mini guda biyu. Ta farko ƙanwar wuƙar Baba ce sak, sai dai sabuwa: baki ɗaya miƙaƙƙe, baya mai kauri, tsawonta ya kusa kamu. Ta biyu gajera ce mai tumbi, kanta ya lanƙwashe sama, ta fiɗa. Ni kuwa idona yana kan wata da ke rataye a bayansa. Wuƙar damtse ce, irin wadda ake ɗaurawa a ƙarƙashin hannun riga. Ruwanta fari tas, siffar ganye, da ƙashi a tsakiya, tana sirancewa har zuwa tsini. Ƙota ta baƙin itace da waya mai ƙyalli, kube na jar fata.

"Miƙo mini waccan, dattijo."

"Ango ne kai ko mahauci? Waccan ta zuwa biki ce. A ɗaura, a bar hannun riga ya ɗan zame, mutane su gani."

"Ba ta da kaifi ne?"

"Kaifi? Za ta aske ka kana tafiya. Amma don suka aka yi ta, ba don ja ba. Dubi tsawonta. Kafin ka ja ta ƙare. Kuma ba ta da baya."

Ban tambaye shi me yake nufi da haka ba. Ni da ba na yanka siliki da almakashin kaki, na tsaya ina yi wa maƙeri gardama a kan ƙarfe. Ya ɗaga kafaɗa, ya naɗe mini ita a takarda.

"Allah ya ba ragon haƙuri," in ji shi.

Ranar Sallah muka dawo daga idi, muka jira har labari ya zo liman ya yanka. An haƙa rami a tsakar gida. Baba yana zaune a kan angareb, gadon igiya, a gindin dalbejiya. Ya miƙo mini wuƙarsa da hannu biyu. Na karɓa, na zaga bayan madafa kamar zan ɓoye ta daga idon rago, na ajiye ta a kan tulu, na zaro tawa na sa a bayana. Dokar da ta ce kada rago ya ga wuƙa ita ta rufe mini asiri, don Baba ma bai gani ba.

Na ba ragon ruwa. Ƙanena ya kama ƙafafu, surukina ya riƙe kai, muka kwantar da shi. Na laluba zakaran wuya na tura shi sama. Na yi bisimilla, na yi kabbara, na ɗora wuƙa.

"Wace wuƙa ce wannan?" Baba ya ce daga inda yake. Amma na riga na ja.

Fata ta buɗe, maƙogwaro ya buɗe, jini ya yi tsiri daga jijiya ɗaya. Sai na ji wuƙar ta ƙare. Abin da ya rage a cikin wuyan tsini ne kawai, ɗaya jijiyar kuwa ba ta yanku ba. Ragon ya zabura, ƙanena ya danne shi da ƙirji. Tsinin yana neman zamewa waje.

"Kada ka ɗaga!"

Ban taɓa jin muryar Baba haka ba. Na tura wuƙar ta koma, ƙashin tsakiyarta ya cije a nama, ta ƙi nutsewa. Sai hannuna ya yi abin da aka koya masa tun ina kallon Baba: idan yanka ya yi tauri, a ɗora manuniya a bayan wuƙa a danna. Na ɗora, na danna da duk ƙarfina. A nan na gane maganar maƙerin. Wuƙar nan baki gare ta sama da ƙasa. Na ji ta shiga yatsana, sanyi tukuna, sannan ta tsaya a ƙashi.

"Surukina, hannunka!" in ji mahaifin matata.

"Kada ka ɗaga!" Baba ya sake cewa.

Ban ɗaga ba. Na ci gaba da dannawa ina ja kaɗan-kaɗan, gaba, baya, gaba, jinina yana bin ƙota yana sauka a ramin tare da na ragon. Sai wani abu ya saki a ƙarƙashin wuƙar, jini ya ƙaru. Ban sani ba ko jijiyar ce. Na tsaya a durƙushe, wuƙa a wurinta, har ragon ya daina shure-shure.

Baba ya taso. Taku goma ne tsakaninmu, amma ya daɗe yana yin su. Ya durƙusa da ƙyar, ya ture hannuna gefe bai ko dube shi ba, ya sa yatsunsa masu rawa a cikin yankan.

"Zakaran wuya yana sama," ya ce. "Maƙogwaro ya yanku. Jijiya ɗaya."

Ya ci gaba da lalubawa. Mata sun fito bakin ɗaki. Ina jin kabbarar maƙwabta ta kan katanga. Na fara tunanin igiyar da za mu ja shi da ita, da mutanen da za mu wuce a ƙofar gidajensu.

"Biyu," ya ce.

Sannan ya dube ni. "Ka ɗaga?"

"Ban ɗaga ba, Baba."

Ya juya ga ƙanena. "Ya ɗaga?"

"Wallahi bai ɗaga ba."

Ya dubi surukina. Shi ma ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, idona yana kai tun farko."

"Ya halatta," in ji Baba. "Ina wuƙata?"

"Tana bayan madafa."

"A ɗauko ta. Shi kuma a kai shi a duba hannun."

Matata ta ɗaure yatsan da gyale, ƙanena ya sa ni a raksha. Sai da muka hau titi bakinsa ya dawo. Ya ce yau tela zai ji yadda yadi yake ji. An ɗinke yatsan, amma gaɓar sama ba ta sake lanƙwasawa ba. Da na tsakiya nake tura yadi a keke har yau.

Baba bai yi mini faɗa ba, bai kuma sake ambatar wuƙar ba. Da Sallah ta zagayo, saura kwana uku, ya kira ni ya ce in faɗa masa yadda ake yi. Na fara: a ba rago ruwa.

"Ka tsallake," ya ce.

Na koma farko a raina ina neman inda na tsallake.

"Na farko, a kawo mini wuƙa in gani."

Na tashi na ɗauko baƙar, na ajiye ta a kan gwiwarsa. Ya shafa bayanta da yatsa tun daga ƙota har ƙarshe, sannan ya ce in ci gaba.