Farantin da Aka Manta

A wurin aiki Sannu-sannu suke kiranta, don ko ƙofa ba ta yarda a buga da ƙarfi. Aikinta a ɗakin gwaje-gwaje renon furotin ne, wani sinadari na jikin ɗan Adam: ta ɗiga ɗigo a ɗan faranti, ta rufe, ta ajiye a ɗakin sanyi har ya haɗe ya zama 'yar ƙwaya mai ƙyalli kamar gishiri. Ƙwayar da ta girma a natse ita na'ura ke iya karanta siffarta. Wadda aka girgiza ko zafi ya taɓa, sai ta fito a tsage, aikin banza.

"Abin nan jariri ne," takan ce wa sababbin ma'aikata. "Ku bar shi ya yi barcinsa."

Ana nan sai Farfesa, shugaban sashen, ya kawo furotin na jinin masu sikila, za a gwada wani magani a kansa. Autarta kuwa da ciwon aka haife ta, yau gida gobe asibiti. To, wa ya isa ya koya wa uwa haƙuri a nan? Ta shiga ƙara gishiri a cikin ɗigon don ya yi saurin kamawa. Safe da yamma tana ɗauko faranti ta leƙa a madubin ƙara girman abu. Ƙwayoyin suka fito birjik, duk a tsattsage.

"Haba Yaya, ke da kike hana mu gaggawa?" in ji Farfesa. "Ko yau aka dace, magani sai an yi shekara da shekaru."

"Na sani, ranka ya daɗe. Yarinyar ce ba ta da shekarun."

Ba ta kuwa da su. Ciwon ya tashi, uwar ta tare a bakin gado tana matsa mata ƙafa, har rai ya yi halinsa.

Da ta koma aiki, ta shiga ɗakin sanyi zubar da tsofaffin farantai. Can lungu ta tarar da wanda ta haɗa ranar da aka kira ta asibiti, ko gishirin ba ta kai ga ƙarawa ba, ba kuma wanda ya taɓa shi. Ta sa a madubi. Ƙwaya ɗaya ce tal, garau, ba tsaga ko ɗaya. Tun da take ba ta taɓa renon mai kyanta ba.

Farfesa ya leƙa, ya buɗe baki zai yi murna, ya dubi fuskarta ya fasa.

"Sannu ba ta hana zuwa," ta ce, hawaye na zuba. "Ga shi ta zo. Wa zan kai wa?"