Hannun Da Ke Cikin Hoton Nan Nawa Ne

Wata bakwai ban ce uffan a shafin nan ba, kuma da so samu ne da na ci gaba da shiru. Jiya wata mai sayen turare a wurina ta turo min wani hoto da ke yawo a guruf-guruf na mata. Hannu ne a ƙone, gefe guda kuma ga shi ya warke, an rubuta a ƙasa: aikin man sea buckthorn, sati uku kacal.

Hannuna ne. Kuma ƙarya ce.

Waɗanda suka san ni a Lamisula sun san turaren wuta nake haɗawa. Ranar ina dafa sukarin da ake zuba wa icen turare, tukunyar ta goce daga kan murhu, na kai hannun dama in tare. Narkakken sukari ba ruwan zafi ba ne, manne wa fata yake yi yana ci gaba da cin ta.

Mijina, Baban Aisa, ya sa ni a keke zuwa asibiti. Aka wanke, aka ɗaure, aka ce in riƙa zuwa wankin ciwo duk bayan kwana biyu. Sau uku na je. Zafin wankin ya fi na ƙunar, ga kuɗin bandeji da na keke.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa. Mai ɗanyen ƙwai, mai man goge baki, mai toka. Duk na kauce. Wadda ban iya kauce wa ba ita ce Ya Bintu, 'yar goggona, wadda ta goya ni ina ƙarama. Ta zo da 'yar kwalba mai jan mai, ta ce man sea buckthorn ne, na 'ya'yan wani itace na ƙasashen sanyi, yana tsiro da sabuwar fata ba tabo. Ashe sayar da shi take yi a waya. Kuɗinsa ya kai na wankin ciwo na sati biyu, na biya.

"Yagana, kwance tsumman nan," in ji ta. "Ciwo iska yake so."

Ga abin da ya fi ƙona min rai. Da hanci nake cin abinci. Ina buɗe kwalbar na ji warin manja a ƙarƙashin ɗan ƙamshin da aka ɗiga. Na sani sarai. Amma ta yaya zan dubi wadda ta goya ni in ce ta kawo min jabu? Na miƙa mata hannu, ta ɗauki hoton ƙunar sannan ta shafa.

Kwana shida ina shafawa safe da yamma. Hannun ya kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe ni. Na kira ta, ta ce dafin ne ke fita. Da ciwon ya fara wari, kun san me na yi? Na sa garwashi a kasko na turara ɗakin don kada Baban Aisa ya ji. Turaren da nake alfahari da shi, da shi na rufe ruɓar hannuna.

A rana ta bakwai jiri ya kayar da ni a tsakar gida.

A asibiti Sista Saratu ce ta karɓe ni, wata nas 'yar garin Biyu. Ta duba hannun, ta dube ni, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi min sauƙi. Aka ɗebi jini, aka ɗebi ruwan ciwon zuwa ɗakin gwaji, aka ɗaura min ruwa da allurai. Likita ya ce da Baban Aisa a gabana:

"Za mu yi ƙoƙari mu ceci hannun. Ba zan yi muku alkawarin yatsun ba."

Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Sau biyu aka shiga da ni tiyata, na farko a kankare ruɓaɓɓen nama, na biyu a yanko fata daga cinyata a dasa. Sati biyar ina kwance. Zoben aurena da injin markaɗen gidanmu duk sun tafi a jinyar nan.

Na tambayi Sista Saratu game da man. Ta ce ko na gaskiyar ne, masu shafa shi kan tabo suke shafawa bayan fata ta rufe, kuma sai an tambayi likita. Ba a zuba shi cikin buɗaɗɗen ciwo.

Ya Bintu ta zo dubiya bayan an sallame ni. Ta kama hannun tana kuka, ta ɗauki hoto, wai za ta tura wa Goggo ta ga sauƙi. Na ɗauka kukan nadama ne.

Ku koma ku duba hoton da kyau. An yanke shi daidai inda yatsu suka fara. Ƙaramin yatsana da na kusa da shi ba sa lanƙwasuwa, kuma an ce min ba za su ƙara ba. Da hagu nake juya turare yanzu, da hagu nake wannan rubutun.

Na gode wa Allah da ya bar min hannun. Na gode wa Sista Saratu, da Baban Aisa da ya koyi ɗaura min zani, da maƙwabtan da suka riƙe min yara.

Idan kun ƙone, ku sa wurin a ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, ku nufi asibiti. Kada ku fasa wankin ciwo don zafi. Ciwo ya fara wari ko zazzaɓi ya shigo, ku koma a ranar. Kuma ku koyi cewa a'a, ko da wadda ta goya ku ce.

Ya Bintu, na kira ki sau huɗu jiya ba ki ɗaga ba. Na san kina karantawa. Ga cikakken hoton nan na sa a ƙasa, har da yatsun. Shi za ki tura wa masu saye.