Layin da Marlys Ta Goge

Shekara goma sha huɗu muna ofis ɗaya da Marlys Tveit a garin Duluth, ban taɓa ganin ta shanye kofinta a zaune ba. Ta ɗan kurɓa, ta miƙe, ta je taga ta leƙi jiragen ruwa a tafki, ta dawo, ta sake miƙewa. Na sha ce mata, "Ke dai a sayar da kujerar nan taki, har yau sabuwa ce fil."

Ita ke kula da ɓangaren manhajar kwamfuta da ke tsara sahu a gaban faifan ajiyar bayanai: wane aiki zai shiga farko, wane zai jira. Kowane sahu yana da ƙidaya. Duk aikin da ya riƙe shi ya ƙara ɗaya, in ya gama ya rage ɗaya. Da ƙidaya ta kai sifili, na'ura ta share sahun. To in akwai mai riƙe da shi da ba a lissafa ba, sai ya kai hannu ya tarar babu komai, kwamfuta ta faɗi warwas.

Marlys ba ta yarda da kanta a wannan lissafi ba. Tsakuwar bakin tafki take tarawa a wani tsohon gwangwani. Tana bin rubutun manhaja da yatsa, inda aka riƙe ta jefa tsakuwa a wani busasshen kofi, inda aka saki ta cire. Ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas ta ishe ni, Allah ya sani.

Wata Litinin a watan Oktoba wani mutum daga Winnipeg ya rubuto cewa kwamfutarsa tana mutuwa in aka zare faifai yana cikin aiki. Ranar Juma'a kuma za a rufe karɓar gyara na sabuwar fitowar manhajar. Kwana biyu Marlys tana safa da marwa, daga allo zuwa taga, daga taga zuwa baranda, abincin ranarta a tsaye. Ran Laraba da hantsi sai na ji shiru. Na juya, na gan ta ƙyam a wuri ɗaya, kofi babu tsakuwa ko ɗaya, yatsanta kuma yana kan wurin da har yanzu ake riƙe da sahun.

Ta buɗe tarihin manhajar, wanda ke nuna wa ya taɓa kowane layi da yaushe. Ta ce, "Denise, zo ki ga abin kunya."

Ita ce ta yi ɓarnar. Shekara tara da suka wuce ta goge wani layi da ke ƙara ɗaya a daidai wurin. Gus Rautio ne ya rubuta shi, tsohon da ya koya mata aikin, har da dabarar tsakuwar. Lokacin ya ce a bar layin. Ita kuwa ta ba shi amsa a zauren wasiƙun intanet da dubban ma'aikata ke karantawa, ta ce Gus tsoro ne ke masa lissafi, in an biye masa kowace ƙofa sai an sa mata kwaɗo biyu. Mutane suka yi ta dariya, ni ma na yi. Bayan wata biyu Gus ya ajiye aiki ya koma garin Grand Marais yana gyaran injin kwale-kwale. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Al'adarmu ita ce, duk mai aiko gyara dole ya faɗi canjin da ya kawo ɓarnar, ya kuma ambaci wanda ya fara hango ta. A zauren nan ake karantawa, kuma abin da ya shiga can ba ya goguwa.

Na ce, "Ki ƙara ɗayan a wani wuri mana, ki ce ƙarfafawa ce. Wa zai tono maganar shekara tara?"

Ta ce, "Ke ce dai shaiɗan ɗin ofis ɗin nan."

Amma ran Alhamis ta rubuta irin wanda na ce. Ta zaga unguwa sau biyu cikin sanyi, ta dawo hanci ja wur, ta goge shi. Na ji haushi, don ina tausayinta. Mace mai shekara hamsin da takwas, sunanta shi ne duk abin da ta tara a wannan sana'a.

Da safiyar Juma'a ta aika. Ta rubuta: "Kuskurena ne. Gus Rautio ya faɗa tun shekara tara, na yi masa ba'a a gaban kowa. Layinsa nake mayarwa yadda ya rubuta shi." Ta haɗa da tsohon adireshinsa na imel, ba ta ma san ko yana aiki ba.

Kafin azahar an karɓi gyaran. Mutumin Winnipeg ya yi godiya. Duk wannan bai sa ta nutsu ba. Ta duba wasiƙu, ta je taga, ta dawo ta duba. Na ce, "Ai an karɓa, tsohuwa, ki zauna." Ta ce, "Ba su nake jira ba."

Sai ran Litinin da rana amsar Gus ta zo, layi uku kacal. Ta karanta min: "Na duba, ya yi. Amma akwai irin kuskuren a wurin da faifai ke ƙin amsawa. Ɗauko tsakuwarki, yarinya."

Ta buɗe wurin, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Bara na rubuta nan, Denise. Bara. Ashe duk shekarun nan yana karanta aikina."

Ni ma idona ya cika da ƙwalla. Ta juye tsakuwa a gwangwani, ta ɗauki makullin mota. Grand Marais tafiyar awa biyu ce. Ta fita ta bar rigar sanyinta a kan kujera, sai da na bi ta da ita har mota.