Wanda Ya Nuna Ƙofar Mai Agogo

Mai Agogo ya tsufa a rumfarsa yana gyara wa mutane lokaci, nasa na wucewa. Mutumin kirki ne, sai dai riƙo. Tun da suka yi cacar baki da Dogo, mai gyaran agogon tsallaken titi, kan ɗan sukurdireba, ko gaisuwa ya yanke, kai ka ce shanu aka sace.

Da ciniki ya ja baya, 'yarsa ta buɗe masa shafi a intanet. Kullum sai ya tambaya, "Uwata, akwai wanda ya san ina nan kuwa?"

"Baba, ana dubawa. Duk shafin da ke nuno ƙofarka, yana turo mutane naka, zai fito."

Ya gyara zama yana jiran manyan shafuka. Shafi ɗaya tak ya fito, na Dogo, an rubuta: "Agogon da ya gagare ni, ku kai wa Mai Agogo, hannunsa ya fi nawa."

Mai Agogo ya ja aljihun tebur, ya ɗauko sukurdireban Dogo da ya rantse bai gani ba.

"Munafuki, ko a kirki sai ya riga ni," in ji shi, yana neman takalminsa.