Ƙananan Tukwanen Baba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran mahaifina, maƙerin tukwane, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Na so in rubuta wannan da sanyin zuciya, Baba, amma ka san halina, ban iya haɗiye magana ba.

Na buɗe ido na gan ka tsugune gaban wuta kana narka tarkace: gwangwanaye, tsofaffin kayan injin mota, duk abin da dillali ya juye maka. Duk gidan da aka haihu a layinmu, sai ka ƙera 'yar ƙaramar tukunya ka aika wa mai jego kyauta, don dafa wa yaro abincin yaye. In Inna ta yi mita, sai ka ce, "Haba, mutum ya zo duniya a ce ba shi da tukunyar kansa?"

Wadda ta fi kyau, ɗana ka ƙera wa, kuma kai ka laƙaba masa Ɗan Lukuti. Ya yi ta ƙiba, tsawo kuwa ya ƙi. Sa'anninsa suka wuce shi, bakinsa ya yi nauyi, mu kuma muna ta dariya, mata suna jan kumatunsa suna cewa tubarkalla, wannan ya ƙoshi. Sai da likita ya auna jininsa ya ce akwai gubar dalma a ciki, kuma tana iya taɓa girman yaro da ƙwaƙwalwarsa. Ya sa na kai tukunyar aka gwada. Ita ce.

Ranar da na gaya maka, kana gaban wutarka. Ka tashi ka sheƙa wa wutar ruwa, ba ka sake hura ta ba. Washegari ka saɓi buhu ka bi gida-gida kana roƙon a mayar maka da kyautarka. Wasu suka bayar. Wasu suka ce ta ɓata, alhali kana hango ta a kan murhu. Wata ta ce tsoho ya yi da-na-sanin kyautarsa ne, yana son kayansa. Abokan sana'arka kuwa suka ce tsufa ya taɓa maka kai, za ka kashe musu kasuwa. Dillali bai ko yi gardama ba, rumfar gaba kawai ya koma da tarkacensa.

Abokan sana'ar nan ne fa suka cika sahun gaba ranar jana'izarka, suna ta "mutumin kirki, mutumin kirki". Ɗayansu ma, tun ba a naɗe tabarmi ba, ya ja yayana gefe yana tambaya ko za a sayar da kayan aikinka. Wallahi na ji kamar in kore su, darajarka ce ta hana ni.

Ban taɓa ɗora maka laifi ba, Baba. Kai ka ɗora wa kanka, har ka daina iya haɗa ido da jikanka in ya hau cinyarka. A gadon asibiti, numfashi na yi maka wuya, tambayarka ɗaya ce: "An karɓo ta gidan direba?" Ba a karɓo ba. Ka juya fuskarka bango.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka abin da ka yi ba da sani ba, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Inna da 'yan'uwana haƙuri, Ya ba yaran nan lafiya.

Ku kuma mutanen layinmu, na gode da zuwa, gaisuwar ta isa haka. Duk wadda ke da ƙaramar tukunya mai ɗigo uku a gindi, alamar ƙirar Baba, ta sauke ta daga wuta ta kawo mini. Buhun yana nan bayan ƙofa, bai cika ba.